Jirgin Kaya da Jirgin Yaƙi a Bahar Rum

Wajen shekara ta 59 bayan haihuwar Almasihu, wani jarumin sojan Roma mai suna Yuliyas ya sauka a Mira, wani gari na bakin teku a ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Yana tafe da 'yan sarƙa waɗanda zai kai Roma, Manzo Bulus kuwa yana cikinsu. A can ya tarar da wani babban jirgi wanda ya taso daga Iskandariya ta Masar ɗauke da alkama, za shi Italiya, sai ya sa su a ciki. Littafin Ayyukan Manzanni sura 27 ya ba da labarin tafiyar filla-filla. Mutum 276 ne a jirgin, guguwa ta yi ta kora su har kwana goma sha huɗu, daga bisani jirgin ya farfashe a tsibirin Malta.

Akwai abin da labarin bai ambata ba, shi ma kuwa abin lura ne. Ba a ji jirgin yaƙi yana yi musu rakiya ba, ba a kuma ji matuƙan suna fargabar 'yan fashi ba. Iska da duwatsu kaɗai suke tsoro. Da a ce shekara 130 kafin wannan aka yi tafiyar, da wuya jirgi mai irin wannan kaya ya ratsa ruwan nan lafiya, gama a lokacin gaɓar Kilikiya, lardin da aka haifi Bulus kansa, ita ce maɓuyar 'yan fashin teku.

Kafin a kai ga wannan kwanciyar hankali, sai da birane suka yi shekara wajen dubu suna kokawa a kan mallakar Bahar Rum. Huɗu daga cikinsu suka fi shahara, wato Taya, da Atina, da Kartaj, da Roma. Kowanne ya bi tasa hanya, amma abu ɗaya ya ɗaure su duka. Teku ba ta da ganuwa, ba a kuma kafa tuta a kan ruwa. Wanda aka ce ya mallaki teku, tashoshin bakin gaɓa ya mallaka, da kuɗin da zai biya matuƙa. Ran da ɗaya daga cikin biyun nan ya kuɓuce masa, ran nan mulkinsa ya fara karyewa.

Shekarun da za a ambata daga nan duk na kafin haihuwar Almasihu ne, sai inda aka faɗi dabam. Da baya ake ƙirga su, wato shekara ta 500 ta riga shekara ta 400.

Jirage iri biyu

Jirgin kaya na zamanin dā mai faɗin ciki ne kamar ƙwarya. Iska ke tura shi ta wurin wani babban zane da ake ɗaurawa a jikin dogon itace a tsakiyarsa. Ba shi da sauri, amma mutane kaɗan sun isa su bi da shi, yana kuma iya yin kwanaki a tsakiyar ruwa bai taɓa ƙasa ba.

Jirgin yaƙi kuwa siriri ne, dogo. Wanda ya fi shahara tun daga wajen shekara ta 500 shi ne mai hawa uku. Tsawonsa wajen mita 37 ne, faɗinsa bai wuce mita 6 ba. Matuƙa 170 ke zaune a cikinsa jeri uku, wani jeri bisa wani, kowa da itacen tuƙinsa. In an haɗa da sojoji da sauran ma'aikata, mutum 200 ke nan. A goshin jirgin, daidai kan ruwa, akwai wani ƙahon tagulla. Da shi ake yaƙin: a zaburo da gudu a soki cikin jirgin abokin gaba, a ja da baya, a bar shi ya sha ruwa. A shekara ta 1980 bayan haihuwar Almasihu an tsamo ƙaho irin wannan daga teku kusa da Atlit a gaɓar Isra'ila, nauyinsa kilo 465.

Wannan jirgi yana da rauni biyu. Na fari, ba shi da wurin ajiye abinci da ruwa mai yawa, ba shi da wurin kwana. Kusan kowace maraice sai an jawo shi bakin gaɓa, mutane su sauka su nemi ruwa, su sayi abinci, su dafa, su kwanta. Saboda haka rundunar jirage kamar ayarin gishiri take a hanyar Bilma. Komai yawan raƙuma, daga rijiya zuwa rijiya ake tafiya, wanda kuma ya riƙe rijiya shi ya riƙe hanya.

Rauni na biyu shi ne tsada. A Atina akwai lokacin da ladan kowane mutum a jirgi ya kai tsabar azurfa guda a yini, wadda suke kira darakma, sunan da daga baya ya zama dirhami. Mutum 200 a kwana 30 sun ci darakma 6,000, wato talanti guda, wajen kilo 26 na azurfa. Jirgi ɗaya ke nan a wata ɗaya, ban da katako, da igiya, da ƙaro, da tagulla. Noman garin kaɗai ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba. Jirgin kaya ne ke ciyar da jirgin yaƙi, shi kuma jirgin yaƙi yana tsare masa hanya.

Taya, birnin fatake

Ƙasar Finikiya, inda yau Lebanon take, 'yar siririya ce tsakanin duwatsu da teku. Manyan biranenta su ne Taya, da Sidon, da Gebal, da Arwad, kowanne da sarkinsa. Suna da itacen al'ul a kan duwatsu, suna da gwanayen sassaƙa da ƙira, amma gonakinsu ba su isa su ciyar da su ba. Wannan rashi ne ya kora su kan ruwa. Littafin Sarakuna na Fari sura 5 ya nuna cinikin a fili. Hiram sarkin Taya ya riƙa aika wa Sulemanu katako ta teku, shi kuma Sulemanu yana biyansa da alkama da man zaitun kowace shekara. Daga baya sarakunan biyu suka haɗa jirage a Eziyon-geber ta bakin Bahar Maliya. Hiram ya ba da gwanayen matuƙa, aka tafi Ofir, aka komo da zinariya talanti 420.

Marinar Taya da Sidon ma ta yi suna ko'ina. Daga jikin wata irin katantanwar teku suke samun rinin shunayya. Sai an fasa dubbai kafin a sami ɗan kaɗan, don haka sarakuna da attajirai ne kawai ke iya sa tufar. Har wa yau akwai tsibin ɓawon katantanwar nan a Sidon.

Tun daga wajen shekara ta 900 mutanen Taya suka fara nausawa yamma, suna kafa zango bayan zango: Kitiyon a tsibirin Kubrus, da Malta, da Motiya a gefen Sisili, da garuruwa a Sardiniya, da Utika da Kartaj a gaɓar Tunisiya ta yau, har Gadir a Asbaniya, bayan mashigin Jibaralta. In an duba wuraren da suka zaɓa, kusan duk iri ɗaya ne: ɗan tsibiri kusa da gaɓa, ko bakin ƙasa da ya miƙe cikin ruwa, mai mafakar jirage da ruwan sha, mai sauƙin tsaro. Ba su cika neman cin ƙasar da ke bayan zangon ba. Abin da ya kai su Asbaniya shi ne azurfa. Da ita suke sayen hatsi, da ita kuma suke biyan gandu ga sarakunan Assuriya don a bar su su ci gaba da fataucinsu. Tare da kaya suka yaɗa haruffansu 22, waɗanda Helenawa suka ara suka gyara, Romawa kuma suka gāda daga baya.

Annabi Ezekiyel a sura 27 ya kwatanta Taya da wani ƙasaitaccen jirgi, ya kuma jera kayan kasuwarta kamar littafin ɗan kasuwa: azurfa, da baƙin ƙarfe, da kuza, da darma daga Tarshish, dawakai daga Togarma, alkama, da zuma, da mai daga Yahuza da Isra'ila. Matuƙanta mutanen Sidon da Arwad ne, sojojinta kuwa baƙi ne daga wasu ƙasashe. A cikin kayan har da mutane. Annabi Amos da Annabi Yowel duka sun kai ƙarar Taya saboda cinikin bayi.

Ƙarfin Taya shi ne zamanta a tsibiri, wajen mita 800 daga gaɓa. Nebukadnezzar na Babila ya kewaye ta da yaƙi shekara goma sha uku, amma ba shi da jiragen da zai rufe mata baki, abinci yana ta shiga ta ruwa. Da Farisa ta yi ƙarfi, jiragen Finikiya suka zama ƙashin bayan rundunar ruwanta. Hirodotus, marubucin tarihi na Helenawa, ya ce sarki Kambisis ya so ya kai wa Kartaj yaƙi, Finikiyawa suka ce ba za su yaƙi 'ya'yansu ba. Dole sarkin ya haƙura, gama in ba su ba shi da runduna.

Ƙarshen ya zo a shekara ta 332. Iskandari Mai Girma ya sa aka yi ta zuba duwatsu da itatuwa a ruwa don a shimfiɗa hanya daga gaɓa zuwa tsibirin. Mutanen Taya suka riƙa fitowa da jirage suna ƙone aikin. Abin da ya karya su shi ne 'yan'uwansu. Jirage 80 na Sidon, da Gebal, da Arwad suka koma wajen Iskandari, sarakunan Kubrus kuma suka kawo 120. Aka rufe tashoshin Taya biyu. Bayan wata bakwai birnin ya faɗi. Marubucin tarihi Ariyan ya ce an kashe wajen mutum 8,000, an sayar da 30,000 bayi. Yashi ya taru a kan hanyar da Iskandari ya shimfiɗa, tun daga lokacin Taya ba ta ƙara zama tsibiri ba.

Atina, birnin gandu

Sai a koma baya shekara 150, a ƙetare zuwa ƙasar Helenawa. A shekara ta 483 aka tarar da wata jijiyar azurfa mai kauri a mahaƙar Loriyon, kudu da Atina. Aka kawo shawara a raba kuɗin, kowane ɗan gari ya sami darakma goma. Wani shugaba mai suna Temistokilis ya rinjayi taron jama'a a ƙera jiragen yaƙi da kuɗin. Bayan shekara uku amfanin shawarar ya fito. A shekara ta 480 sarkin Farisa, wanda masana da yawa suka ce shi ne Ahasurus na Littafin Esta, ya zo da babbar runduna ta ƙasa da ta ruwa, ya ƙone Atina. Mutanen garin sun riga sun fice a jirage. Temistokilis ya jawo jiragen Farisa cikin matsattsen mashigi kusa da tsibirin Salamis (ba Salamis ta Kubrus wadda Bulus ya ziyarta ba). A wurin nan yawansu ya zame musu cikas, suka yi ta karo da juna, Helenawa suka ci nasara.

Bayan shekara biyu biranen tsibirai da na gaɓa suka ƙulla ƙawance da Atina don kada Farisa ta komo. Kowane birni zai ba da jirage ko kuɗi, baitulmalin kuma yana tsibirin Delos. Tusididis ya ce kuɗin da aka fara yankawa talanti 460 ne a shekara. Birane da yawa suka ga ba da kuɗi ya fi sauƙi bisa ga aika 'ya'yansu tuƙi. Da kuɗin nan Atina ta ƙara jirage, matuƙanta suka ƙara gwaninta, su kuwa masu biya suka manta da yaƙin ruwa. Da Naksos ta ce za ta fita daga ƙawancen, aka kewaye ta da jiragen da ita ma ta taimaka aka ƙera. Haka aka yi wa Tasos a shekara ta 465. A shekara ta 454 aka ɗauke baitulmalin daga Delos aka kai Atina. Gudummawa ta zama gandu.

Yawancin matuƙan Atina talakawan gari ne da baƙi 'yan ƙwadago, ana biyansu lada. Tun da yake tsaron birnin yana hannunsu, sai muryarsu ta yi ƙarfi a taron jama'a. Amma azurfar da ake biyansu da ita, dubban bayi ne ke haƙo ta a cikin ramummuka masu duhu a Loriyon.

Atina ma ba ta iya ciyar da kanta. Alkamarta mai yawa daga ƙasashen Bahar Aswad take zuwa, ta bi ta wasu mashigai biyu matsattsu kafin ta iso tashar Fireyus. Aka gina dogayen garu biyu, wajen kilomita 6, daga birnin zuwa tashar, don ko an kewaye Atina ta ƙasa, abinci ya shigo ta ruwa. Da yaƙi ya tashi tsakaninta da Sifarta a shekara ta 431, wannan dabara ta yi aiki shekaru da yawa.

Ƙarfi ya kawo girman kai. A shekara ta 416 Atina ta bukaci ɗan tsibirin Melos ya biya gandu. Mutanen suka ce su ba ruwansu da yaƙin. Aka kewaye su, aka karkashe mazan, aka sayar da mata da yara. Da shekara ta kewayo aka aika babbar runduna zuwa Sisili mai nisa don a ci Sirakus, a shekara ta 413 kuwa rundunar ta hallaka ƙaf. A wannan shekara Sifarta ta kafa sansani a ƙasar Atina, bayi fiye da 20,000 suka gudu, haƙar azurfa ta ja baya. Biranen da ke biyan gandu suka fara tawaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: Farisa ta buɗe wa Sifarta jakarta. A shekara ta 407 ɗan sarkin Farisa ya ba Lisanda, shugaban jiragen Sifarta, kuɗin da ya ƙara ladan matuƙa daga obol 3 zuwa obol 4 a yini, obol 6 kuwa ke yin darakma guda. Matuƙan haya suka fara barin jiragen Atina suna bin inda lada ya fi.

A shekara ta 405 jiragen Atina 180 suka sauka a wani fili mai suna Egosfotami, a bakin mashigin da alkama ke bi. Ba gari a wurin, ba kasuwa. Kowace rana sai mutane su watse neman abinci. Lisanda ya yi kwana huɗu yana lura da su. A rana ta biyar ya auka musu, jirage suna bakin gaɓa, matuƙa suna nesa. Wajen tara ne kawai suka tsira. Ya rufe hanyar alkama, yunwa ta shiga Atina, a shekara ta 404 ta miƙa wuya. Aka rushe dogayen garun nan, aka bar mata jirage 12.

Kartaj da Roma

Bisa ga al'ada, mutanen Taya ne suka kafa Kartaj a shekara ta 814. Da uwar ta shiga hannun Babila da Farisa, 'yar ta gāji zangunan yamma, ta kuma ƙara abin da Taya ba ta yi ba: ta rufe ruwan ga baƙi. Folibiyus ya adana wata yarjejeniya tsakanin Kartaj da Roma wadda ya ce an ƙulla a shekara ta 509. A ciki an hana jiragen Roma wuce wani bakin dutse kusa da Kartaj. In guguwa ko abokan gaba suka koro jirgi can, ba zai sayi kome ba sai abin gyara da na hadaya, zai kuma tashi cikin kwana biyar. A Sardiniya da gaɓar Afirka ba a ciniki sai a gaban ma'aikacin hukuma.

Jiragen Kartaj sun fita ta Jibaralta sun bi gaɓar Afirka ta yamma. Hirodotus ya ba da labarin yadda suke ciniki a can. Sukan jera kaya a bakin ruwa, su koma jirgi su tayar da hayaƙi. Mutanen ƙasar su zo su ajiye zinariya kusa da kayan, su ja da baya. In zinariyar ta isa, sai 'yan Kartaj su ɗauka su tafi. In ba ta isa ba, su koma jirgi su jira a ƙara. Ba mai taɓa na wani sai an daidaita.

A shekara ta 264 yaƙi ya tashi tsakanin Kartaj da Roma a kan Sisili. Romawa manoma ne, mayaƙan ƙasa, ba su da wata rundunar ruwa ta kirki. Folibiyus ya ce wani jirgin Kartaj ya kafe a gaɓa, suka ɗauke shi suka kwaikwaya, suka ƙera manyan jirage 100 da masu hawa uku 20. Kafin a gama, an zaunar da matuƙa a kan benci a tudu ana koya musu tuƙi. Da yake sun san ba za su kai 'yan Kartaj gwanintar suka da ƙaho ba, sai suka ɗaura wata gada ta katako a gaban kowane jirgi, da ƙaton ƙarfe mai tsini a bakinta. Sunan da suka ba ta ma'anarsa hankaka. In jirgin abokin gaba ya matso, sai a sako gadar ta cafke shi, sojoji su bi ta kai su haye. Da wannan suka ci nasara a Milai a shekara ta 260.

Amma teku ba ta san jarumi ba. A shekara ta 255 guguwa ta sami jiragen Roma 364 a kudancin Sisili, 80 kaɗai suka tsira. Dubban mutane suka nutse a yini ɗaya. Aka sāke ƙerawa, aka sāke yin hasara, har baitulmalin Roma ya ƙare. A nan ne aka ga bambancin biranen biyu. Kartaj ta ga kamar Roma ta gaji, sai ta yi sakaci da jiragenta. A Roma kuwa attajirai suka ba hukuma rance, a kan sai an ci nasara za a biya su, aka ƙera jirage 200. A shekara ta 241, kusa da tsibiran Egates, suka tari jiragen Kartaj waɗanda suka yi nauyi da abincin da za su kai wa sojojinsu a Sisili, matuƙansu kuma sababbi ne. Aka nutsar da 50, aka kama 70. A zamanin nan masu bincike sun tsamo ƙahonin tagulla fiye da ashirin daga ƙarƙashin ruwan wurin.

Kartaj ta rasa Sisili, aka ɗora mata tarar talanti 3,200. Ta kāsa biyan sojojinta na haya, suka tayar mata da yaƙi a gida shekara uku da 'yan watanni. Tana cikin farfaɗowa Roma ta ƙwace Sardiniya. Zanguna sun tafi. Saboda haka da Hanibal ya tashi yaƙi da Roma a shekara ta 218, shi ɗan birnin matuƙa, ta ƙasa ya bi da giwayensa, ya haye duwatsun Alf. Ya ci manyan nasarori a Italiya, amma taimako daga gida bai iso shi sosai ba, gama ruwan yana hannun Roma. A shekara ta 201 aka bar wa Kartaj jiragen yaƙi goma, aka ƙone sauran a gaban idon mutanen birnin. A shekara ta 146 Roma ta rushe ta, ta sayar da wajen mutum 50,000 bayi.

Teku ɗaya, ubangida ɗaya

Da Roma ta rasa abokin karawa, sai ita ma ta yi sakaci da jirage. A gabashin teku tsibirin Rodusa ne ke korar 'yan fashi, da kuɗin da yake samu daga harajin tasharsa. Wajen shekara ta 167 Roma ta yi fushi da Rodusa, ta mai da Delos tashar da ba a biyan haraji. Fatake suka koma can, kuɗin tashar Rodusa ya faɗo daga darakma miliyan ɗaya zuwa 150,000 a shekara. Mai gadi ya talauce, ɓarayi suka yi yawa. 'Yan fashin Kilikiya suka riƙa kama mutane suna kaiwa kasuwar bayi ta Delos, attajiran Roma suna saye don gonakinsu. Ba a damu ba sai da 'yan fashin suka kai hari Ostiya, tashar Roma kanta, hatsi ya yi tsada a birnin.

A shekara ta 67 aka ba Fomfe iko a kan teku duka. Ya raba ta kashi 13, kowane kashi da shugabansa da jiragensa, ya share ta daga yamma zuwa gabas cikin wata uku. Ya ci maɓuyar 'yan fashin a gaɓar Kilikiya, ya zaunar da da yawa daga cikinsu a garuruwa ya ba su gonaki. Bayan yaƙin Aktiyum na shekara ta 31, Kaisar Augustas ya ci Masar, ya kafa rundunonin ruwa na dindindin a Misenum da Rabenna. Yanzu kusan kowace tasha a kewayen Bahar Rum tana hannun hukuma ɗaya. Jirgin da ba Roma ta yarda da shi ba, ba shi da inda zai kwana. Romawa suka riƙa kiran Bahar Rum tekunsu.

A kan wannan teku ne Bulus ya yi tafiye-tafiyensa, ya sauka Kubrus, da Atina, da Rodusa, da Sirakus. Ayyukan Manzanni sura 21 ta nuna jirginsa ya tsaya a Taya don a sauke kaya, ya yi kwana bakwai tare da masu bi na garin. Hanyoyin da aka buɗe don azurfa da alkama, ta nan wasiƙun manzanni suka bi. Amma wani ne ke biyan kuɗin wannan zaman lafiya. Alkamar da jirage irin wanda ya farfashe a Malta suke kaiwa Italiya, mai yawa daga cikinta harajin manoman Kogin Nilu ce. Yusufus, marubucin tarihi na Yahudawa, ya ce Masar ke ciyar da birnin Roma wata huɗu a shekara, Afirka ta Arewa kuma wata takwas.

Wato Roma ma, kamar Taya da Atina, cikinta yana hayin ruwa. Ta sāke gina Kartaj, birnin ya zama babbar tashar da ake loda alkamar Afirka, ya kuma zama cibiyar ikkilisiya inda Tartuliyan da Sifiriyan suka yi aiki. A shekara ta 429 bayan haihuwar Almasihu wata kabila mai suna Bandal ta ƙetaro daga Asbaniya zuwa Afirka. A shekara ta 439 sarkinsu Gaisarik ya ci Kartaj, ya sami tashar, da jiragen da ke cikinta, da gonakin alkama. A shekara ta 455, shekara 600 bayan da Roma ta rushe Kartaj, jirage suka tashi daga wannan tasha suka sauka a bakin Kogin Tiba. Ba rundunar ruwan da ta tare su. Mutanen Gaisarik suka yi kwana goma sha huɗu suna kwasar dukiyar Roma, suka loda ta a jirage tare da kamammu, suka koma Kartaj.